Darasin Kwamfutar da Ke Tambayar "Wa Zai Cutu?"

Uwargida, in kin samu sarari yau da daddare, ki karɓi littafin darasin kwamfuta na ɗanki ko 'yarki da ke sakandare ki buɗe. Da wuya ki rasa zanen allon kwamfuta da linzaminta, da tarihin injunan farko masu cika ɗaki guda, da jerin ma'anonin da aka haddace domin jarrabawa. Duk ilimi ne mai amfani. Amma ki duba ko akwai shafin da ya faɗi abin da yarinya za ta yi idan ƙawarta ta tura hotonta wani zauren WhatsApp ba da saninta ba, ko yadda yaro zai gane cewa muryar malamin da ake ta yaɗawa na'ura ce ta ƙirƙire ta.

Wannan wayar da ke hannunki ita za a zo a ara anjima "don aikin gida". Yaran sun fi mu iya sarrafa ta. Abin da ya rage musu shi ne sanin abin da take yi wa mutane, kuma akwai makarantun da suka mayar da wannan sani darasi mai zaman kansa, har da jarrabawarsa.

Yadda darasin yake

International Baccalaureate tsarin karatu ne da aka kafa a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan a 1968, kuma makarantu a ƙasashe da dama suna bin sa. A shekaru biyun ƙarshe na sakandare, ɗalibai 'yan shekara 16 zuwa 19 kan zaɓi darussa daga rukunoni shida. Cikinsu akwai wanda aka daɗe ana kira ITGS, wato fasahar sadarwa a cikin al'ummar duniya. A 2022 aka sabunta shi, aka sa masa suna Digital Society.

Abin lura shi ne inda aka ajiye darasin. An sa shi a rukunin nazarin mutum da al'umma, tare da tarihi da tattalin arziki da labarin ƙasa. Ke nan mutum shi ne abin nazari, na'ura kuwa ana duba ta ne domin a fahimci abin da take jawo masa.

A tsohon tsarin ITGS, duk batun da aka kawo aji sai an dube shi ta fuska uku: yadda fasahar take aiki, wurin da ake amfani da ita, kamar asibiti ko makaranta ko kasuwa, sai kuma tasirinta a kan jama'a da abin da ya dace ko bai dace ba. Ana tattauna sirrin mutum, da tsaron bayanai, da sa ido kan jama'a, da haƙƙin mallakar abin da wani ya ƙirƙira, da ratar da ke tsakanin masu intanet da marasa ita. A ɗaya daga cikin takardun jarrabawar a wancan lokaci, labarin jarida ake miƙa wa ɗalibi, wanda bai taɓa gani ba, a ce ya bayyana waɗanda abin ya shafa, ya auna amfani da illa, ya kawo mafita. Hadda ba ta fitar da mutum a irin wannan jarrabawa.

Mu gwada da labarin da kika sani

Kina tuna daren ruwan gishiri? A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane da dama sun kwanta a asibiti, rahotanni kuma suka ce aƙalla mutum biyu sun rasa rayukansu.

Da za a kai wannan labari ajin da muke magana, malami zai fara da tambayar yadda saƙo ɗaya ke isa ga miliyoyin mutane kafin asuba, alhali gyaransa yana ɗaukar kwanaki. Sai a duba fannin lafiya: wa ke da hurumin ba da shawarar magani? Daga nan a zo kan mai nauyin: waɗanda suka tura saƙon iyaye ne da 'yan'uwa, ƙauna ce ta sa suka tashi mutane tsakar dare. To alhakin wanda ya cutu yana wuyan wa? Yaron da ya taɓa zama ya yi wannan tunani, hannunsa zai yi nauyi kafin ya danna "tura".

Mu fa a nan gida?

Fasaha ta riga ta shiga rayuwar 'ya'yanmu ko da darasi ko babu. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ga kuma ɗaliban da ba su taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawar. Wannan ita ce ratar da ake karantawa a littafi, mu muna ganin ta da ido. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, don haka duk abin da ɗanki ya aikata da layinki, sunanki ne zai fito. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, waɗanda yawancin matasa ba su san sun shafe su ba.

A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sabuwar manhaja wadda ta sa fasahar zamani cikin darussan dole a babbar sakandare. Dama ce ta samu. A taron iyaye da malamai na gaba, ki ɗaga hannu ki tambaya: ban da koyon sarrafa na'ura, ana tattauna sirri da damfara da labarin ƙarya da yaran? Tambayar uwa ɗaya kan sa malami ya sake duba shirinsa.

Rabin darasin yana hannunki

Ba sai kin iya kwamfuta ba. Sau ɗaya a mako, bayan cin abincin dare, ki zaɓi saƙo guda daga wayarki: tallar jarin da ke ninka kuɗi, ko maganin da ke warkar da komai, ko bidiyon da aka kunyata wata. Ki ce yaron ya bayyana miki yadda abin ya iso wayarki, wannan fanninsa ne, zai ji daɗin koya miki. Ki nuna masa alamar kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka tura sau da yawa. Sannan ki yi tambayoyin da ke fanninki: wa ya fara rubuta wannan? Wa zai samu kuɗi idan muka yarda? Wa zai ji kunya ko ya yi asara? Da 'yar gidan nan ce a bidiyon, za ka tura?

Kada ki mayar da zaman kotu. Yaron da ya san ƙwace waya da faɗa ne za su biyo baya, ranar da wani ya yi masa barazana da hotonsa ba zai zo wurinki ba, kuma ranar ce ya fi buƙatarki.

Riƙon amana, da rufa asirin ɗan'uwa, da bincika labari kafin a yaɗa shi, duk kin san su tun kafin a ƙera wayar farko da kika riƙe. Su ne dai ake koyarwa a wancan aji, an sa musu sababbin misalai. Ki gwada zaman nan a wannan mako, sannan ki faɗa mana a ƙasa wane saƙo kuka zaɓa da abin da yaron ya ce.