Hoton gajimaren sararin samaniya da kyamarar gida: yaya ake yi?

Tun da na'urar hangen nesa ta James Webb ta fara aiko da hotuna a watan Yulin 2022, kalmar nebula ta zama ruwan dare a labarai. Nebula gajimare ne na iskar gas da ƙura da ke shawagi tsakanin taurari, kuma a cikin wasu irin waɗannan gajimaren ake haifar sababbin taurari. Mafi shahara wajen masu koyo shi ne na tarin taurarin Orion, wanda haskensa ke yin kimanin shekara 1,350 kafin ya iso duniya.

Kyamarar dijital irin ta masu ɗaukar hoton biki tana iya kama shi. Matsalar ita ce hasken ya yi rauni, dole a bar idon kyamara a buɗe. To amma duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka in aka daɗe taurari sai su zama zare-zare. Dabarar ita ce a kafe kyamara kan ƙafa uku, a ɗauki ɗaruruwan hotuna na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan manhaja kyauta irin su Siril ko DeepSkyStacker ta jera su kan juna. Hasken gaske ya taru, dishi-dishin na'ura ya ragu. Jan launin iskar haidurojin da ke cikin gajimaren kan fito a dushe, domin matatar da ke cikin kyamara na tare mafi yawansa.

Fitilun birni ne babban cikas, ƙauye ya fi. A ƙasar Hausa Orion na tsayawa kusan tsakiyar sama a Disamba da Janairu, sai dai lokacin ne hazon hunturu kan turnuƙe.