Wutar lantarki maimakon tafasawa

A Koriya ta Kudu ana yin wani abin sha da shinkafa mai tsami, sunansa makgoli. Akwai barasa cikinsa. Ƙananan ƙwayoyin da ke sa shi tsami ba su barin aiki cikin kwalba, sai ya lalace cikin ƴan kwanaki. In an tafasa shi su mutu, amma ɗanɗano ya sake.

Ga wata dabara: a zuba shi cikin bututu, a buga masa wutar lantarki mai ƙarfi, ƙasa da ƙiftawar ido. Wutar tana huda fatar ƙwayoyin, su mutu, abin sha bai yi zafi ƙwarai ba. A 2005 aka fara saida ruwan ƴaƴan itace irin wannan a Amurka.

Amma wasu ƙwayoyi na tsira. Tilas a aje shi wurin sanyi.