Yaron da Ba Ya Kuskuren Canji, Me Ya Sa Yake Faɗuwa a Lissafi?

Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ba wurin wanda bai iya ƙirga ba ce. Raƙuma da shanu da tumaki na shigowa daga Nijar, kuɗi iri biyu na yawo a hannun jama'a, naira da sefa. Mutanen ƙetare kuma da dala suke ƙirga kuɗinsu: in Buzu ya ce maka dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Yaro mai tallar ruwa sai ya ninka da biyar, ya juya zuwa naira a farashin ranar, ya miƙa canji, duk a ka. Amma ranar Litinin a rubuta masa 72 ÷ 4 a allo, sai ya yi tsuru-tsuru, malam ya ce masa daƙiƙi. Wannan hukunci ya daɗe yana yi mini ciwo, domin zalunci ne.

Masana sun binciki abin. A 1985 Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa nazarin da suka yi kan yara masu talla a birnin Recife na Brazil. Suna zuwa kamar masu saye. Wani yaro yana sayar da kwakwa a kan kuɗi 35 kowace ɗaya, aka ce ya ba da goma. Ya ce uku 105 ne, ya tara 105 sau uku, ya ƙara guda, ya ce 350. A bakin tallar, yaran sun amsa kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin daidai. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda, ba kwakwa ba kuɗi, suka sauko zuwa kusan kashi 37.

Yaran na Brazil biyar ne kacal, sai dai a 2025 mujallar Nature ta buga aikin Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokansu kan yara sama da 1,400 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya. Sakamakon ya zo iri ɗaya, har da ƙarin da ya fi ɗaga mini hankali. 'Yan makaranta da ba su taɓa talla ba sun fi iya lissafin allo, amma kashi 1 cikin ɗari ne kawai suka warware wata tambaya ta ciniki wadda fiye da sulusin yaran kasuwa suka amsa. Wato ɗan talla yana da fahimta ba rubutu, ɗan aji yana da hadda ba fahimta, kuma ilimin ɗaya ba ya tsallakawa wurin ɗayan da kansa.

Kada wani ya ce to a bar yaro a kasuwa. Manomin riɗi ko zoɓo a Gagarawa da Sule Tankarkar ya san tiya da buhu tun yana ƙarami, amma manyan masu saye da sikeli suke zuwa, su yi magana da kilo, su zabtare wani abu da sunan ƙasa da datti. Takardar bashin taki da kashi cikin ɗari take magana. Mai POS na cire nasa, maganin feshi yana da awonsa a jikin kwalba, maganin yara ma haka. A nan lissafin ka yake tsayawa, mai biro ya ci gaba.

Kuma tun da wuri ake yin nisa. A 2007 Greg Duncan da wasu masana suka haɗa manyan nazarce-nazarce shida daga Amurka da Birtaniya da Kanada, suka ga sanin lambobi lokacin shiga makaranta ya fi komai nuna yadda karatun yaro zai kasance daga baya, har ya ɗara sanin baƙaƙe. A gida kuwa, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF na 2021 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 suke da tushen lissafi. Wanda bai kama ɗebewa a aji biyu ba, haka ake tura shi gaba yana kwafar allo.

Ga shi lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Gumel. Malaman zaure suna raba gado da tumuni da sudusi da rubu'i. Manomi ya san zakkar gero ɗaya ce cikin goma, makiyayi ya san tumaki arba'in akwai guda a kansu. Duk wannan lissafin kaso ne, wanda yake tsorata yara in an kawo shi da Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekarun firamare shida, ya nuna harshen gida ba ya mayar da yaro baya a lissafi.

Akwai hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita: a gwada kowane yaro, a raba su bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, a yi musu aiki da tsinke da kuɗin wasa kafin a kai ga alli. An gwada ta a Borno, an kuma gwada a Wudil da Dawakin Tofa a Kano ƙarƙashin shirin KaLMA. Jigawa ma ta ga shirye-shirye, daga ESSPIN zuwa PLANE. Sai dai shiri yana da wa'adi, malami ne ke zama.

Shi ya sa idona ke kan Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ina so ɗalibin da za a tura koyarwar gwaji ya fara da tambayar yara yadda suke ba da canjin ɗari biyar, ya saurari hanyar kowa har ƙarshe ba tare da ya katse shi ba, sannan ya rubuta hanyar yaron a allo da lambobi, da sunansa a gefe. Daga nan ne zai nuna masa ta littafi, su gwada biyun su ga amsa ɗaya suke bayarwa.