Bayan Tiyatar Rage Ƙiba, Huhu Ne Ke Fara Neman Agaji

Idan aka fito da mutum daga tiyatar rage ƙiba, hankalin 'yan uwa kan karkata ga ɗinkin ciki, alhali a kwana biyun farko huhu ma yana cikin haɗari babba. Maganin sa barci yana sa ƙananan jakunkunan iska na ƙasan huhu su manne, kitsen ciki kuma yana danne ƙirji daga ƙasa. Ga marar ƙiba abin kan warware cikin yini, amma ga mai ƙiba sosai yakan wuce awa 24 bai sake ba. Ga kuma ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci, mai zuwa da minshari mai ƙarfi, wanda da yawa cikin masu wannan tiyata ke da shi ba su sani ba. Magungunan kashe zafi dangin mofin sai su ƙara rage numfashin.

Nan ne amfanin CPAP, na'urar da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sidni ta Ostareliya a 1980, mai tura iska ta takunkumin fuska don hanyar numfashi ta zauna a buɗe. Likitocin fiɗa sun daɗe suna tsoron kada iskar ta shiga ciki ta fasa sabon ɗinki, kuma tsoron ba na banza ba ne. Sai dai binciken da aka buga a Amurka a 2002 kan marasa lafiya 1,067 bai gano alaƙa tsakanin na'urar da yoyon ɗinki ba.

Akwai sukar da ta fi wannan ƙarfi. Gwajin PRISM na 2021, kan kimanin mutum 4,800 da aka yi wa manyan tiyatocin ciki, ya nuna sa wa kowa CPAP bai rage ciwon huhu ko mutuwa ba. Gaskiya ne, amma ba masu ƙiba da ɗaukewar numfashi aka ware aka gwada ba. A ganina darasinsa shi ne a tantance tun kafin tiyata. Wanda aka samu da ciwon, ya fara sabawa da na'urar a gida, ya tafi da ita asibiti, ko da Indiya ko Masar za shi yin tiyatar. Kowa kuwa a kishingiɗar da shi maimakon kwanciya rigingine, a taƙaita mofin, a tashe shi ya taka ƙasa tun ranar tiyatar idan likita ya yarda.