Kafin Ka Sayi Fili, Tuna Da Gangare

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, da yawanku kuna aika kuɗi gida a yi muku gini. To, ku tuna da Gangare.

Ran 22 ga Yuli 2012 aka tafka ruwa a Jos, madatsar Lamingo ta tumbatsa. Ambaliya ta auka wa Gangare da Rikkos, aƙalla mutum 35 suka rasu, gidaje wajen 200 suka rushe ko suka lalace.

Mutanen karkarar Tailan sun san halin ruwa. Tun kakanni sukan ɗora gida bisa dogayen dirkoki. A ambaliyarsu ta 2011, giwayen Ayutthaya bisa tudu suka tsira.

Saboda haka ku tambayi dattawan unguwa inda ruwa yake bi. Filin bakin rafi araha gare shi, amma ruwa ba ya mance hanyarsa.