2.4 Tsawon Rayuwar Ƙwayoyin Maniyyi a Wajen Jiki

Ƙwayoyin maniyyi halittu ne masu rauni, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga danshi da ɗumi. Idan maniyyi ya zuba a kan fata ko tufafi ko shimfiɗa, ƙwayoyin sukan mutu da zarar ya bushe. A cikin jikin mace kuwa, majinar bakin mahaifa takan kare su har tsawon kwana 5, alhali ƙwan mace ba ya wuce awa 12 zuwa 24 bayan fitowarsa.

Bisa ga wannan, mace ba ta ɗaukar ciki ta hanyar ruwan wanka ko masai ko busasshen maniyyi. Sai dai abin lura a nan shi ne, idan ɗanyen maniyyi ya taɓa bakin farji, kai tsaye ko ta hanyar yatsa, ciki yana iya shiga ko da ba a sadu ba, domin tantanin budurci yana da kafar da jinin haila ke bi. Hakan bai cika faruwa ba, amma ya isa ya nuna cewa ciki kaɗai ba ya tabbatar da an yi cikakkiyar saduwa.