Mudun Hatsi da Littafin Bashi

Duk wanda ya tashi a Kangire, ko wani gari na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ya san cewa talaucin ƙauye, komai tsananinsa, akwai rumbu a bayansa, akwai kuma dangi a maƙwabta. Amma idan mutum ya ɗauki ƙunshinsa bayan kaka ya nufi Dutse ko Kano ci-rani, sa'an nan zama ya kama shi, sai ya tarar da wata fatara dabam, inda ruwan sha sai da kuɗi, ɗaki sai da haya, tuwon dare kuwa sai abin da aka auno a ranar. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 al'amarin ya ƙara ta'azzara, har magidanta masu sana'a, waɗanda a da su ne masu bayarwa, suka shiga layin karɓa suna sunkuyar da kai.

Alhamdu lillahi, jama'armu ba su yi sake ba. Masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, ta yi suna tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi wajen tara zakkar hatsi ta hannun hakimai da dagatai, ushuri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabinsa ga noman rani, ana raba wa mabukata a gundumominsu. Kano kuma ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, ga kuma wuraren ciyarwar azumi da ake buɗewa kowane Ramalana. Allah Ya saka musu da alheri.

Sai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sau da yawa buhun zakkar nan ba ya kwana uku a gidan wanda aka ba, domin mai kanti yana jira da littafinsa, mai gida yana jiran haya, mai maganin da aka karɓa bashi ran da yaro ya kwanta shi ma yana jira, sai a kai rabin hatsin kasuwa a sayar da arha, a toshe baki ɗaya a bar biyu. Alhali kuwa masu bashi a wuyansu suna cikin nau'o'i takwas da Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka, mu ne muka yi ko-oho da rabonsu. Taimako kuma ba abinci kaɗai ba ne: Abu Dawuda ya ruwaito labarin mutumin Madina da ya zo roƙo, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayar masa da shimfiɗarsa da ƙwaryarsa dirhami biyu, ya umurce shi ya sayi abinci da ɗaya, gatari da ɗaya, ya kuma ɗiba masa kwana goma sha biyar kafin ya dawo.

Maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi sun riga mu gane cewa mabukaci na bukatar jari, ba abinci kaɗai ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma shirin Mata Masu Dubara, wanda asalinsa adashin iyayenmu mata ne aka yi wa ƙa'ida: a taru mako-mako, kowace ta zuba abin da ya sawwaƙa, a ƙidaya a bainar jama'a, a ranta wa mai son jari, ƙarshen zagaye a raba. Daga nan tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da Asiya. Inda ake ɗora riba a kan rance, wajibi ne malamanmu su gyara shi ya koma rance mai kyau, ko haɗin jari na halal.

Abin da nake roƙon kwamitocin zakka shi ne, ranar rabo a zaunar da mutum guda amintacce, mai sanin hisabi, mai rufin asiri, a gefen buhunan, wanda zai keɓe da kowane magidanci ya tambaye shi nawa ake binsa, wa ke binsa, nawa ke shigo masa a mako, sa'an nan ya taka da ƙafarsa zuwa wurin mai kanti ya nemi rangwame ko jinkiri, a biya saura daga rabon masu bashi, a yanke ranar da za a sake zama bayan wata guda.